Takardar Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa: Yadda Aka Tace Ta Kafin Ta Fita

Hanyar da ta fita daga Maraɗi ta nufi kudu, ta bi ta Jiratawa da Ɗan Isa har ta tsallaka iyaka ta faɗa Jibiya, gajeruwa ce in aka kwatanta ta da sauran manyan hanyoyin Nijar. Kimanin kilomita 50 ne daga gari zuwa iyaka. A takardun gwamnati RN9 ake ce mata. A bakin mutane kuwa hanyar Ɗan Isa ce, ko hanyar Katsina, ko hanyar Najeriya kawai. Da wuya ka sami gida a garin nan da ba abin da ya haɗa shi da ita: ko uba direba ne, ko ɗa yana ɗauko kaya daga Kano, ko an aurar da 'ya a Katsina ana zuwa biki da suna. Wannan sabon shi ke sa rubutu a kanta ya yi wuya. Mai rubutu yana ganin ba ya bukatar tambayar kowa tunda a kanta ya girma. Mai karatu kuma yana riƙe da nasa sanin, da ya ga kuskure ɗaya sai ya ajiye takardar gaba ɗaya.

Bayan daminar 2024, wadda ruwan ƙarshen watan Agusta ya yi ɓarna da asarar rayuka a cikin birnin Maraɗi, maganar hanyoyi da magudanan ruwa ta cika gari. A wannan lokacin ne wasu matasa uku suka rubuta takarda da Hausa a kan hanyar. Biyu ɗaliban jami'a ne, mace da namiji. Na ukun ɗan direba ne, shi ke riƙe da littafin lodi a wata tasha. Niyyarsu a karanta ta a wani zama da direbobi da 'yan kasuwa ke shirin yi da hukumomi, daga baya a raba ta ta WhatsApp, in an sami dama kuma a karanta a rediyo. Sun kawo mini ita ne don in duba musu ƙa'idar rubutu, wato lanƙwasar harufa da raba kalmomi, saboda aikina ke nan. Hausarsu ba ta da wani babban aibu. Matsalar tana wani wuri daban. Takardar cike take da maganganun da kowa ya yarda da su a fada wajen shan shayi, amma babu ko ɗaya da za ka ɗora yatsa a kanta ka ce ga inda ta fito.

Wace hanya, kuma daga ina zuwa ina

Jimlar farko ta ce wannan ita ce babbar hanyar ƙasa da ta haɗa Yamai da Najeriya. Hanyoyi biyu ne aka cure wuri ɗaya. Wadda ta taso daga Yamai ita ce RN1, Hanyar Haɗin Kai, ta bi Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Gidan Rumji, ta gitta ta arewacin Maraɗi, ta wuce Tasawa da Damagaram har Difa da Ngigmi. RN9 reshe ce da ta ɓalle daga jikinta a nan, ta ratsa gari ta yi kudu. Mai tasowa daga Yamai da nufin shiga Najeriya ba lalle ne ya iso nan ba ma, yana iya sauka tun a Ƙonni ya shiga Illela. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne. A gaban injiniyan hanya ba ƙarami ba ne, domin kowace hanya da lambarta take cikin lissafin gyara, kuma tambayar farko da zai yi ita ce wacce ake nufi.

Sai tsawon hanyar. Sun sa lamba guda, har da ɗigo da ragowar mita, abin da ke sa mai karatu ya ɗauka an auna da igiya. Na tambaye su inda suka samo ta. Ɗalibar ta ce, "Malam, a wuri uku muka gan ta a intanet, duka iri ɗaya." Muka buɗe wuraren uku. Jimla ɗaya ce kalma da kalma, har kuskuren rubuta sunan Ɗan Isa iri ɗaya ne a dukansu, kuma babu wanda ya faɗi inda ya ɗauko. Shaida ɗaya ce aka kwafe sau biyu. Wannan ciwo ya yi yawa a rubuce-rubucen intanet game da garuruwanmu: wani ya rubuta, wani ya kwafa, wani ya fassara, bayan shekara biyu sai na farkon ya koma yana kafa hujja da na ƙarshen.

Da suka tambayi direbobi, kowa da lambar da ya faɗa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Wani daga tasha yake ƙirgawa, wani daga babbar kasuwa, takardun hukuma kuma daga mararrabar RN1 suke farawa, can arewa da gari. Ƙarshen ma haka: akwai mai tsayawa a garin Ɗan Isa, akwai mai kaiwa layin iyaka, akwai wanda sai ya ga Jibiya yake cewa ya iso. Gyaran da aka yi mai sauƙi ne. Duk inda aka ambaci nisa, sai an faɗi mafari da matsaya. Aka cire ragowar mitan nan, aka sa "kimanin", tunda awon da suke da shi na agogon mota ne.

Wannan ya kai mu ga jimlar da ta fi kowace maimaituwa a takardar, cewa hanyar ta lalace ƙwarai. A ina? Ɗan direban ne ya warware wannan, don ya san hanyar kamar yadda ya san unguwarsu. Suka hau babur suka bi ta, duk inda suka ga abin damuwa suka rubuta sunan ƙauyen da ya fi kusa da nisan wurin daga mararraba, yadda ma'aikatan hanya ke lissafin wuri da kilomita, suka ɗauki hoto mai ɗauke da kwanan wata. Suka kuma bambanta irin lalacewar: rami a tsakiyar kwalta daban, gefen da ruwa ya ci daban, kwalbatin da yashi ya toshe daban, domin kowanne da irin aikinsa da kuɗinsa. Na nace su rubuta wuraren da suke lafiya su ma. Ɗalibin bai so ba, yana ganin hakan zai rage wa kukansu ƙarfi. Ni a ganina ƙara masa yake. Jami'in da ya bi hanyar makon jiya ya san inda take da kyau, in takarda ta ɓoye wannan, ba zai yarda da ita a kan sauran ba.

Rufe iyaka: wanne daga ciki?

A nan muka fi daɗewa, kuma a nan ne aka ga amfanin aikin. Takardar ta ce tun da aka rufe iyaka harkar hanyar ta durƙushe. To, rufewa biyu aka yi cikin shekaru biyar, masu rufewar daban, dalilansu daban, tsawonsu daban.

Ta farko a watan Agustan 2019 ce, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, tana cewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da sauran kaya ne. Maraɗi ta ji wannan a jikinta fiye da yawancin garuruwa, saboda kaso mai yawa na kasuwancinta ya dogara ne da kayan da ke wucewa kudu. Ɗalibin ya rubuta cewa an buɗe a watan Disambar 2020, kuma ya nuna labarin jaridar da ya ɗauko daga ciki. Labarin gaskiya ne. Sai dai ɗan direban ya girgiza kai, ya ce shi dai ya san manyan motocin kaya ba su koma bi ta Jibiya a wannan lokacin ba, littafin tasharsu ma zai nuna. Muka koma muka karanta labarin har ƙarshe, ba kanunsa kaɗai ba. Ranar 16 ga Disambar 2020 mashigai huɗu aka buɗe: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Jibiya ba ta ciki. Sai a watan Afrilun 2022 hukumar kwastan ta Najeriya ta sanar da buɗe Jibiya tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Wata goma sha shida ke tsakani. Maganar da ta yi daidai a kan Najeriya gaba ɗaya ta zama kuskure a kan wannan hanyar, kuma da an karanta ta haka a gaban direbobin da suka yi wannan zaman jiran, da daga nan sun daina saurare.

Abin da na so matasan su lura da shi shi ne yadda aka gano kuskuren. Jarida ba ta yi ƙarya ba, ɗan tasha ma bai yi ba. Saɓanin da ya shiga tsakaninsu ne ya tilasta aka sake karatu. Da ɗalibin ya ce takarda ta fi baki, ko ɗan direban ya ce gani ya kori ji ya tashi abinsa, da kuskuren ya wuce.

Ta biyu ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta sa wa Nijar takunkumi a taronta na Abuja, ciki har da rufe iyakoki. Ta ɗage shi ranar 24 ga Fabrairun 2024. Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe ɓangaren Najeriya ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ranar 22 ga Maris. Iyaka ƙofa ce mai murfi biyu, in ɗaya ya buɗe ɗaya na rufe, mota ba ta wuce ba. Don haka aka daina rubuta "an buɗe" kawai. Kowace jimla sai ta faɗi wa ya buɗe, wane ɓangare, a wace rana.

Akwai kuma sakin layin da ya haɗa hanyar da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kamar dai aiki ɗaya ne. Layin dogon aikin gwamnatin Najeriya ne, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa, kuma zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A lokacin da ake gyara takardar jirgi bai fara ɗaukar kaya a kansa ba. Suka bar shi a jimla biyu, da kalmomin abin da ake sa rai, ba na abin da ya riga ya faru ba.

Wa ke da alhakin hanyar

Asalin takardar ta nufi kukanta ga magajin gari, a wani wurin kuma ga "gwamnatin jiha". Na gane inda wannan ya fito. Mu mutanen Maraɗi kunnenmu na kan gidajen rediyon Hausa da labaran Najeriya suka fi yawa a cikinsu, kuma a can akwai hanyoyin tarayya, akwai na jihohi, akwai na ƙananan hukumomi, gwamnan jiha yana da kasafinsa na gina hanya. Tsarin Nijar ba haka yake ba. Hanya mai lambar RN ta ƙasa ce, tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da hanyoyi a Yamai, wadda take da reshe a nan jihar. Kuɗin gyaran yau da kullum kuma akwai asusun da aka kafa dominsa, wanda a da ake kira CAFER, yanzu FER, kuma kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya na cikin abin da ke shiga cikinsa. Da mota ta tsallaka iyaka, hanyar ta zama A9 ta tarayyar Najeriya, babu hannun kowa a nan a kanta. Takardar da ta aika kuka ofishin da ba shi da iko a kan abu, amsar da za ta samu ita ce ba mu ne ba, kuma amsar gaskiya ce. Aka rarraba buƙatun: abin da ya shafi jikin kwalta ya tafi inda ya dace, abin da ya shafi magudanan cikin gari da masu kasa kaya a bakin titi ya tsaya wajen hukumar birni.

Lambobin da ba su da uba

"Ɗaruruwan manyan motoci ne ke bin hanyar kowace rana." Mai yiwuwa haka ne. Amma wa ya ƙirga? Akwai masu riƙe da irin wannan lissafi: duwan, wato kwastan, suna rubuta motocin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, shingen karɓar kuɗin hanya yana yankar takarda, akwai kuma CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, da ke bin sawun jigilar kaya. Matasan suka rubuta takardun neman bayani. Kafin amsa ta zo suka yi abin da ke hannunsu: suka zauna a wuri ɗaya a bakin hanya daga safe zuwa magariba, rana ta kasuwa da ranar da ba kasuwa, suna ƙirga tirela daban, gingimari daban, motocin fasinja daban, masu zuwa kudu daban da masu dawowa. Abin da suka samu ya shiga takardar tare da ranar da wurin da sa'o'in, da bayanin cewa ba su ƙirga dare ba. Ba ƙididdigar shekara ba ce, kuma takardar ta faɗi haka da bakinta.

Kwanan watan yana da muhimmanci fiye da yadda suka zata da farko. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ƙirgen da aka yi kafin wannan doka da wanda aka yi bayanta ba abu ɗaya suke aunawa ba, ballantana a lokacin kaka da wake ya saba cika motoci. Lamba ba tare da ranarta ba tana iya zama hujjar kowace magana.

Wuri mafi nauyi shi ne maganar haɗurra. Takardar ta kira hanyar mafi kisa a duk jihar. Ɗan direban ne ya rubuta wannan, kuma da na ce a cire, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Malam, ni da hannuna na ɗauki mutane a kan hanyar nan. Sai na kawo takarda kafin a yarda?" Ban ga laifinsa ba, kuma ban ce ƙarya yake ba. Abin da na nuna masa shi ne cewa "mafi" kalmar gwadawa ce. Kafin ka ce ta fi, sai ka san na RN1 tsakanin Gidan Rumji da Tasawa, ka san na hanyar Dakwaro, a shekara ɗaya, da ma'auni ɗaya. Jandarma ne ke rubuta haɗurran bayan gari, 'yan sanda na cikin gari, asibiti kuma yana da nasa lissafin na waɗanda aka kawo. Alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da hukumar kiyaye haɗurra, ANISER, ke fitarwa ga jama'a sun fi zuwa a dunƙule, na ƙasa ko na jiha. Ɗaukar adadin jiha gaba ɗaya a jingina wa hanya guda zalunci ne ga gaskiya, ko da niyyar mai yin haka kyakkyawa ce.

Abin da muka yi shi ne muka bar masa maganarsa a matsayin tasa. Sakin layin ya koma shaidar mutumin da ke aiki a tasha, yana faɗin abin da idonsa ya gani, a wane wuri, a wane lokaci na shekara, ba tare da sunayen mamatan ba saboda iyalansu. Da aka karanta sabon, ya fi tsohon taɓa zuciya nesa ba kusa ba. Babu mai iya musanta wa mutum abin da ya ɗauka da hannunsa, amma kowa na iya musanta "mafi".

A maganar lodi kuwa, takardar ce ta yi ƙasa da abin da take da hujjarsa. Ta ce kawai manyan motoci na ɓata hanya. Alhali akwai doka rubutacciya: ƙa'ida mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, wadda Nijar ke ciki, ta ƙayyade nauyin da kowane gatarin mota, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu, zai ɗauka, kimanin tan 11.5 ga gatari guda, da tan 51 ga babbar tirela mai gatari shida. Akwai kuma abin da injiniyoyi suka sani tun gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950: ɓarnar da gatari ke yi wa kwalta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. In nauyi ya ninka sau biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki goma sha shida. Shi ya sa tirela ɗaya mai lodin wuce kima ta fi tarin ƙananan motoci cin hanya. Wannan bai yi wa wasu masu motocin da za su zauna a taron daɗi ba, matasan kuma sun san haka. Suka bar shi, kuma na yaba musu, domin takardar da ta ga laifin kowa ban da na masu ita, roƙo ce kawai.

Sakin layi ɗaya ne aka cire ɗungurungum. Yana zargin wasu ma'aikata da karɓar kuɗi a hanya, babu rana, babu wuri, babu wanda ya yarda a ce shi ya faɗa. Zargi irin wannan in ba a iya tsayawa a kansa ba, yana iya jawo wa marubuta shari'a, ya kuma ba duk mai son watsar da takardar dalilin yin haka. A madadinsa suka jera kuɗaɗen da ake biya a ba da rasit, kamar yadda suke a rasit ɗin da direbobi suka nuna musu. Maganar tsaro ma aka tsaurara ta. Gaskiya ne yankin Jibiya da wasu ƙauyukan Madarunfa sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, amma abin da ya faru a ƙauye mai nisa da kwalta, ko a ƙetaren iyaka, ba a rubuta shi kamar a kan RN9 ya faru ba.

Tarihin hanyar da bakin tsofaffi

Sun ba da shekarar da aka fara zuba wa hanyar kwalta, daga shafukan nan uku da suka kwafi juna. Na ce su je wajen tsofaffin direbobi. Suka sami dattawa a inuwar tasha, ɗalibar ta durƙusa ta gaishe su, ta ce, "Baba, so muke ku gaya mana yadda hanyar nan take lokacin da kuka fara tuƙi." Tsofaffi ba da shekara suke lissafi ba, da zamani suke yi: zamanin shugaba Diori, wato 1960 zuwa 1974, ko zamanin shugaba Kunce, 1974 zuwa 1987, ko shekarar yunwa kaza. Amsoshinsu sun saɓa. Da aka ƙara tambaya sai ta bayyana ba aiki ɗaya suke tunawa ba: wani zubin burji yake nufi, wani kwalta, wani kuma wani babban gyara da aka yi daga baya. Matasan suka cire shekarar intanet ɗin, suka rubuta abin da kowane dattijo ya tuna da sunan tunawa, tare da zamanin da ya ambata. Suka nemi izinin kowa kafin su sa maganarsa, wanda bai so a ambaci sunansa ba aka ce "wani direba da ya fara tuƙi a zamanin Diori".

Abin da ke da tushe a rubuce kuwa suka faɗe shi kai tsaye, kuma ya fi shekarar da aka cire amfani. Zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ta girmi mota, ta girmi iyakar kanta. Gidan sarautar Katsina ne ya kafu a Maraɗi bayan jihadin farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin nan. Layin da ya raba mu, Faransa da Ingila ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama gyaɗar ƙasar Maraɗi ta kudu take bi ta hau jirgi a Kano zuwa teku, kafin Faransawa su ƙirƙiro tsarin karkatar da ita ta Dahome, wato Benin ta yau, a farkon shekarun 1950. Wannan tarihin kasuwanci yana cikin littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi, da shi suka kafa hujja, da lambar shafi. Mai son ya gane me ya sa rufe wannan 'yar gajeruwar hanya ke tsayar da numfashin gari guda, a nan zai samo amsar.

Takardar da za a ji da kunne

Saura matsala ɗaya. Ɗaliban sun saba da tsarin jami'a, ƙananan lambobi a saman kalma da jerin littattafai a ƙarshe. Amma wannan takarda karanta ta za a yi a bainar jama'a, da yawa daga cikin masu saurare kuma ba za su taɓa riƙe ta a hannu ba. Lambar da ke ƙasan shafi ba ta shiga kunne. Sai aka shigar da tushen kowace magana cikin jimlarta, yadda Bahaushe ke yi in yana ba da labarin da yake so a yarda da shi: in ji sanarwar kwastan ta watan kaza, kamar yadda ƙa'ida mai lamba kaza ta tanada, mun ƙirga da kanmu ranar kaza, wani dattijo ya shaida mana. Mai saurare yana jin bambancin abin da aka karanto da abin da aka gani da abin da aka jiyo, ya ba kowanne nauyin da ya ga dama.

Takardun da aka dogara da su na Faransanci ne daga wannan ɓangaren, na Ingilishi daga wancan. Duk wanda aka fassara, an bar lambarsa da ranarsa da sunan hukumar da ta fitar da shi yadda suke a asali, don jami'in da ke son dubawa ya same shi a ofishinsa ba wahala. An kuma raba dogayen jimlolin nan da suka biyo ginin Faransanci, masu ɗauke da magana uku kafin a kai aya. Ɗalibar ta riƙa karantawa da ƙarfi, duk inda numfashinta ya ƙare kafin jimla ta ƙare, sai mu yanke a nan.

Takardar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A samanta aka rubuta ranar da aka kammala ta, da jimla ɗaya cewa duk abin da ke ciki game da halin hanyar na wannan ranar ne. An karanta ta a zaman. Tambayoyin da suka biyo baya sun fi karkata ga ƙirgen motocin, wani ɗan kasuwa ya ce ranakun da aka zaɓa ba su nuna lokacin da harka ke tashi ba, kuma yana da gaskiya. Matasan suka amsa cewa za su maimaita ƙirgen a wuri ɗaya da sa'o'i ɗaya a tsakiyar rani, da kuma makonnin gabanin Layya da ake jigilar dabbobi. Ɗan direban ya ƙara layi biyu a littafin tasha, ɗaya na inda mota ta nufa, ɗaya na irin kayan da ta ɗauka, don in an tashi sabunta takardar a sami abin da za a gwada da shi.